Ƙuri'a da Ƙa'ida a Zanen Kwamfuta na Farko

Tun kafin kwamfuta ta shiga hannun masu zane, akwai wasu daga cikinsu a Turai, musamman waɗanda suka bar surar mutum da dabba suka koma ga layi da murabba'i, da suka soma zargin abin da ake kira ilhama, domin sun lura cewa hannun da aka sakar wa linzami, komai gwanintarsa, al'adarsa kawai yake maimaitawa. A 1960 François Morellet, Bafaranshe, ya raba allonsa gida 40,000, ya sa ana karanta masa lambobin littafin tarho, shafa'i ya ba shi launi guda, wutiri ya ba shi ɗayan, har ja da shuɗi suka cika allon ba da zaɓinsa ba. Ita kuwa Vera Molnár, haifaffiyar Budapest da ta zauna a Paris, shekaru ta yi tana bin ƙa'idojin wata na'ura da ta ƙaddara a zuciyarta, tana zartar da su da hannu, sai a 1968 ta sami ta haƙiƙa.

A 1965 aka fara baje zanen kwamfuta ga jama'a: Georg Nees da Frieder Nake a Stuttgart ta Jamus, A. Michael Noll a New York. Dukansu ma'abota lissafi ne ko injiniyanci, abin da ya sa wasu masu zane na lokacin suka dube su a wulaƙance. Mafi bayyana a ayyukan Nees shi ne Schotter, na wajen 1968, inda murabba'ai 12 suka jeru a sahu, sahu 22. Na sama a daidaice suke, amma gwargwadon yadda ido ke gangarowa, gwargwadon yadda kowane murabba'i ke karkata yana gocewa daga muhallinsa, har na ƙasa su warwatse.

To, wa ya warwatsa su? A nan ne nake ganin masu cewa na'ura ta ƙwace aikin ɗan Adam suka yi gaggawar hukunci. Aikin na'ura a nan kamar ƙuri'a ne, kuma malaman fiƙihu ba su halatta ƙuri'a ba sai inda haƙƙoƙi suka yi daidai, kamar mai mata fiye da ɗaya da zai yi tafiya da guda. Ƙuri'a ba ta kafa sharaɗi, tana fitar da ɗaya ne daga abubuwan da sharaɗi ya riga ya yarda da su. Haka Nees ya yanke haddin karkata a kowane sahu, ya bar wa na'ura abin da ke cikin haddin kaɗai. Balle ma lambobin ƙuri'ar da take fitarwa lissafi ne tsantsa, in an ba ta mafari iri ɗaya, jeri iri ɗaya za ta maimaita.

Noll ya gwada mutane 100 da kwafin wani zanen Mondrian na 1917 tare da kwaikwayonsa na kwamfuta: 59 suka fifita na kwamfuta, 28 kacal suka gane wanne ne nata. Ana yawan kafa hujja da wannan a kan cewa na'ura ta ƙwace aikin ɗan Adam, amma hujjar tana da rauni, domin takarda aka nuna musu, ba allon Mondrian ba, kuma da yawansu sun ɗauka cewa wanda ya fi hargitsewa shi ne aikin hannun mutum.