Jama'ar ciyawa: fim ɗin Microcosmos a idon mai koyon hoton kusa

Cikin shekara ta 1996 wasu Faransawa biyu, Claude Nuridsany da Marie Pérennou, suka fito da fim wanda babu ɗan Adam ko ɗaya a cikinsa. Sunansa Microcosmos, da laƙabin Le peuple de l'herbe, wato jama'ar ciyawa. Ƴan wasansa ƙwari ne da dangoginsu, dandalinsa kuwa wata makiyaya ce a jihar Aveyron, kudancin Faransa. Ya samu kyautar ƙwarewar fasaha a bikin silima na Cannes a shekarar, sa'an nan kyautar César guda 5 a 1997, kuma fiye da mutum miliyan 3 suka shiga kallonsa a Faransa kaɗai. Ba yabo ya rage masa ba. Abin da ya sa muka waiwaye shi daban ne. Wayar salula ta saka kamara a aljihun malamai da yawa da manyan ɗalibansu, kuma duk wanda ya fara kusantar da idon wayarsa ga fure ko ƙwaro, ya sani ko bai sani ba, irin hotunan wannan fim yake bida. Ya kamata ke nan a duba wace irin makaranta ce shi, me yake koyarwa, me kuma yake ɓoyewa.

Mutanen biyu ilimin halittu suka karanta, kuma masu hoto ne kafin su zama masu silima. Tun 1976 aka ba su kyautar Niépce, ɗaya daga manyan kyaututtukan hoto na Faransa. Duk da haka sai da suka yi shekara 2 ana ƙera musu kayan aiki, har da kamarar da kwamfuta ke tuƙawa, sannan suka yi shekara 3 suna ɗauka. Dalilin wannan wahala shi ne darasin farko na mai koyo, gara kuwa ya ji shi tun kafin ya zargi wayarsa. Idan aka kusanto har siffar ƙwaro ta faɗo kan farantin kamara daidai girmansa na zahiri, abin da masu sana'ar ke kira 1:1, to wurin da ke fitowa tar, daga gaba zuwa baya, da wuya ya wuce milimita 1 ko 2. Idon fara ya fito, ƙafarta ta baya ta narke cikin hazo. A tsuke ƙofar haske, wurin ya ɗan faɗaɗa, amma hoto ya yi duhu. A tsawaita lokacin ɗauka don haske ya isa, sai iska ta kaɗa kara, ko numfashin mai kamara ya girgiza hannunsa, komai ya dagule. Tsakanin waɗannan uku, wato haske da motsi da zurfi, hoton kusa ke ciniki kullum, kuma ba a taɓa samun ɗaya ba tare da an biya da wani ba.

Babbar kyautar da fim ɗin ya ba mai koyo ba ta na'ura ba ce, ta tsayuwa ce. Kamarar ba ta leƙen ƙwari daga sama yadda muke leƙensu in za mu take su. Ta sauka daidai idonsu. A dubi buzuzun da kowa ke tunawa. Yana tura dunƙulen kashinsa da ƙafafun baya, kai a ƙasa, yana hawan wani ɗan tudu wanda yaro zai share da tafin ƙafa; amma da yake kamara tana ƙasa tare da shi, tudun ya zama dutse. Dunƙulen ya suɓuce, ya sake turowa. Can sai ya soke a kan wani tsinke da ke tsaye, buzuzu yana ta turi, abu ya ƙi gaba. Ya zagaya, ya tona ƙarƙashi, ya sake gwadawa ta wani ɓangare, har ya zare shi. Babu mai sharhi, babu wanda ya ce mana mu tausaya, amma duk wanda ya taɓa tura amalanke cikin rairayi ya san abin da yake kallo. Da an ɗauki wannan daga sama, da ba a ga komai ba sai baƙin ɗigo yana wutsilniya. Haka nan ɗigon ruwan sama da ke jifar ƙwaro daga kan ganye, da tsuntsun da ke tsattsagar tururuwa, wanda aka nuna daga cikin raminsu kamar dodon tatsuniya. Wanda zai ɗauki ƙwaro sai ya yarda ya durƙusa, wani lokaci ya kwanta rub da ciki, ya nemi ido ya sa shi ya fito tar, ya bar sauran jiki ya bi bayansa. Wannan ba ya bukatar ko dala.

Sai haƙuri. A nan fim ɗin magajin wani malamin makaranta ne, Jean-Henri Fabre, wanda aka haifa a 1823 a ƙauyen Saint-Léons, cikin wannan jiha ta Aveyron, ya rasu a 1915 bayan ya cika littafi 10 da abin da ya gani yana zaune gaban ƙwari. Da buzuzu ya buɗe na farko. Shi ne kuma ya ga tsutsotsin nan masu tafiya a jere, kowace da kanta a bayan ƴar'uwarta, sun yi kimanin mako guda suna zagaya bakin tukunyar shuka, domin ta gaba ta cimma ta baya, jerin ya rasa jagora. Irin waɗannan tsutsotsi suna cikin fim ɗin. Fabre bai kori ƙwaro da gudu ba, ya san inda zai zo ne ya jira shi. Mai koyo ma haka: ya zaɓi fure guda ya zauna, kuma ya fito da sassafe, lokacin da sanyi bai saki jikin ƙwari ba, iska ba ta tashi ba, rana ba ta yi kaifin da ke ƙone launi ba.

To, amma a wurin Fabre kallo da suna tare suke tafiya. Fim ɗin kuwa ya raba su. Ban da ƴan jimloli kaɗan, babu mai magana. Sunayen ƙwarin sai a ƙarshe suke fitowa, a jere kamar na ƴan wasa, lokacin da jama'a ke neman takalmansu. An yaba wa wannan shiru ƙwarai, kuma yana da daɗinsa, don ya hutar da mu daga muryar nan ta masu sharhi wadda ba ta barin ido ya yi aikinsa. Sai dai inda magana ta janye, kiɗan Bruno Coulais ya shiga, shi ma kuwa sharhi ne, sharhin da ba a iya musantawa tun da bai furta komai ba. Dodon koɗi biyu sun manne da juna, an ɗora musu muryar mawaƙiya mai tsuma zuciya, kowa ya ga ango da amarya, alhali kowane ɗayansu namiji ne kuma mace a lokaci guda. Wannan gaskiya ta fi waƙar ban mamaki, amma mai kallo zai fita bai ji ta ba. Haka wani ɗan'uwan ƙudan zuma da aka nuna yana kokawa da fure. Mai kallo zai ce abinci yake nema. Ba haka ba ne: furen, na dangin da masana ke kira Ophrys, ya kwaikwayi siffar macen da ƙamshinta, namijin ya ruɗu, ya tashi da ƙullin garin fure manne a jikinsa ya kai wa wani furen. An ɗauki abin da kyau har ba a san yadda za a fi haka ba, amma hoton bai iya faɗin abin da ya gani.

Akwai kuma abin da kyan fim ɗin ke rufewa. An tsara shi kamar yini ɗaya, daga safiya zuwa safiya, alhali aikin shekaru ne, kuma wani ɓangarensa a ɗaki aka ɗauka, inda aka shirya ƙasa da ciyawa da fitilu. Wannan ba laifi ba ne ga silima. Laifin yana zuwa ne daga mai koyon da ya zaci haka ake tsintar irin waɗannan hotuna a bayan gida. In ya kasa, sai ya koma ga dabarun da suka yi yawa a wannan sana'a: a saka ƙwaro a firji har ya sandare, ko a kashe shi a kafa a kan furen da bai taɓa sauka a kai ba, a fesa masa ruwa a ce raɓa ce. Hoton ya yi kyau, amma shaidar zur ce, kuma yaron da aka koya wa haka an koya masa cewa halitta kayan ado ce.

Furanni a Microcosmos galibi shimfiɗa ce da ƙwari ke takawa. Mai son ya koyi ɗaukarsu sai ya nemi wani malami, Bajamushe Karl Blossfeldt (1865 zuwa 1932), wanda ya koyar a makarantar zane da ƙira ta Berlin. Don ɗalibansa ya riƙa ɗaukar toho da ganye da kwanson iri, da kamarar da ya haɗa da hannunsa, wadda ke iya ninka girman abu har sau 30. Littafinsa na 1928, Urformen der Kunst, hotuna 120 ne, baƙi da fari. Hanyarsa kishiyar ta fim ɗin ce: ya yanko tsiro, ya rage masa ganye, ya tsayar da shi gaban kwali marar zane, har ya koma kamar aikin maƙeri. Ana iya cewa ya kashe fure kafin ya nuna shi, kuma da gaskiya a ciki. Amma bai taɓa riya cewa a daji yake ba, kuma hotunansa suna tafe da sunan tsiro da yawan ninkin da aka yi masa. A ganinmu wannan ɗan rubutu ya fi kiɗa mutunta mai kallo. Malamin zane a Damagaram, inda adon bangon gidajen Birni ke gaban idon ɗalibai, zai iya yin irin wannan aiki da furen tumfafiya, mai kunnuwa 5 da ɗan rawaninsa a tsakiya, ko da ƙayar ƙarangiya, ya bar yara su kwatanta da zanen magina.

Inda muka fi rabuwa da fim ɗin shi ne ƙarshensa. Wata halitta siririya tana fitowa daga kwansonta a kan ruwa, tana miƙewa sannu a hankali cikin haske kamar sarauniya, sai da ta buɗe fiffike aka gane sauro ne. A Faransa wannan raha ce mai daɗi. Ga wanda ya san abin da damina ke kawowa ɗakunan shan magani a Maraɗi ko Tawa, tambayar da ke zuwa ita ce: wane sauro? Domin macen jinsin Anopheles ce kaɗai ke ɗaukar zazzaɓin cizon sauro, kuma hoton kusa yana iya rarrabewa. Idan ta sauka, takan ɗaga bayanta sama, jikinta a karkace. Sauron Culex kuwa jikinsa kusan a kwance yake. Ƴaƴansu ma haka: na Anopheles suna kwanciya a miƙe ƙarƙashin fuskar ruwa, na Culex suna rataye, kai ƙasa. Ɗalibin da ya ɗebo ruwan kududdufi a kofin gilashi, ya ɗauka daga gefe, zai san abin da ke ƙyanƙyashewa a bayan makarantarsu. Ga shi darasin durƙusawa na fim ɗin ne ya yi amfani da shi, amma don tambayar da fim ɗin bai yi ba.

Misali na biyu yana cikin gona. Manoma sun san murzuna, tsutsar da ke sassaƙa zangarniyar gero tana barin tabo a murɗe. Kaɗan ne suka taɓa ganin abokin gabarta ido da ido, wani ɗan mitsitsin zanzaro mai suna Habrobracon hebetor, wanda tsawonsa ƴan milimita ne, yana harbin tsutsar ta sandare, ya saka ƙwai a jikinta. Tun shekarun 2000 masu bincike na INRAN a Maraɗi suka yi ta kiwonsa, ana sakinsa a ƙauyuka cikin ƴan buhunan algarara. Wanda bai san shi ba zai feshe shi tare da maƙiyin. Amma a ɗauke shi irin ɗaukar Microcosmos, ya cika allo, babu ma'auni, babu zangarniya a bayansa, manomi zai ga dodo ne, ba zai kuma gane shi ba ranar da ya sauka a hannunsa. Girman da hoton kusa ke ba ƙwaro aro ne, sai an nuna na ainihi a gefensa.

Saboda haka malamin da zai nuna wannan fim, muna kuwa ba da shawara a nuna shi, ya tsayar da shi bayan buzuzu da bayan furen nan mai yaudara, ya tambayi aji abin da suka gani kafin ya faɗa musu. In an fita fili, waya ta wadatar: ƙanƙantar farantinta ma tana sa wurin da ke fitowa tar ya fi na babbar kamara zurfi, ɗan gilashin da ake maƙala mata kuma yana ƙara kusanci. Farin ƙyalle tsakanin rana da fure yana tausasa haske. Maimakon a yi ta taɓa allo, a kafe gwiwar hannu a ƙasa, a matsa gaba ko baya da jiki har ido ya fito. Kowane hoton kusa kuma ya zo da ɗan rakiya: wani daga nesa kaɗan mai nuna tsiron da wurin, da tsinken ashana a gefe don a san girma. Farar tumfafiya ta dace da gwajin farko, tun da ba ta da saurin tashi kuma kowa ya san inda take kwana. A ƙarƙashin hoton a rubuta rana da gari da sunan da tsofaffin wurin ke kiran ƙwaron, domin sunayen sukan bambanta daga wannan gari zuwa wancan, kuma ƙungiyoyin al'adu ne suka fi kowa sanin tsohon da za a tambaya.