Makiyayin da ya hau ginshiƙi: bitar labarin Siman daga alƙalamin Tiyodoret

Cikin masu rubuta tarihin waliyyai, kaɗan ne suka ga mutumin nasu ido da ido. Tiyodoret, bishop na garin Kurus a arewacin Siriya, yana cikin waɗannan kaɗan. Wajen shekarar 444 ya rubuta littafinsa na Girkanci kan masu zuhudu na Siriya, ya keɓe babi na 26 ga Siman, wanda a lokacin yana da rai, yana tsaye kan ginshiƙinsa kusa da ƙauyen Telanisos, arewa maso yammacin Halab. Sai a 459 Siman ya rasu. Ni a fassarar Turanci ta Robert Doran ta 1992 na karanta babin, kuma har yau ina komawa gare shi.

Abin da ya fi riƙe ni shi ne kaifin idon marubucin. Yana iya cewa Siman ya azabtar da jikinsa ya wuce, amma sai ya nuna mana igiyar kaba da ya naɗe ƙugunsa da ita har ta ci nama, abin da ya sa 'yan'uwansa a gidan ibada na Teleda suka sallame shi. Ya nuna mana sarƙar da ya ɗaure ƙafarsa da ita, da kuɗin cizo fiye da ashirin da aka tarar cikin fatar da ke ƙarƙashinta ranar da aka cire. Akwai kuma wani abokin tafiyar Tiyodoret da ya tsaya ƙirga sunkuyawar Siman a addu'a, ya kai 1,244, ya gaji ya bari. Wanda ya je wurin ne kawai zai kawo irin wannan.

Ginshiƙin ma ya bayyana dalilinsa a sauƙaƙe. Masu neman tabarraki sun dami Siman da shafar rigarsa ta fata, sai ya hau sama: kamu 6 da farko, sannan 12, sannan 22, har 36. Amma hawan bai raba shi da jama'a ba, kuma a nan ne babin ya fi armashi a ganina. Sau biyu a rana yake wa'azi. Bayan ƙarfe uku na yamma yakan saurari koke, ya sasanta masu rigima. Wannan tsohon makiyayin tumaki ya zama kamar alƙalin ƙauye da aka ɗaga kujerarsa sama. Ina matuƙar son wurin da Siman ya tura ayarin Larabawan hamada su karɓi albarka daga Tiyodoret, suka yi masa caa, wasu na jan riga wasu na jan gemu, har sai da Siman ya daka tsawa daga sama suka watse.

Inda babin ya ɗan yi rauni shi ne inda marubucin ya koma lauya. Ya san akwai masu kushe wannan sabon salon ibada, sai ya jero annabawan da aka umarta da abubuwan ban mamaki, Ishaya da Yusha'u da Ezekiyel, don ya kare shi. Hujjar tana da nauyi, sai dai ta tsayar da labari a lokacin da yake gudu. Abin da ya fi yi mini ciwo kuwa, mutum mai wa'azi kullum, amma Tiyodoret bai kawo mana ko huɗuba guda tasa ba. Mun san ƙafarsa da gyambonta, ba mu san me yake faɗa wa manomin da bashi ya kawo shi gindin ginshiƙi ba.

Doran ya kyauta da ya haɗa babin da wasu tarihohin Siman guda biyu, na almajirinsa Antoniyus da na harshen Suryanci. A na Suryancin ne ake ganin Siman yana sa baki a harkar ƙauyuka, har yana neman masu ba da rance su rage kuɗin ruwa. Shawarata, a fara da Tiyodoret, sannan a wuce can.