Otal ɗin da aka gina da gishiri

A yammacin Masar, kimanin kilomita 50 daga iyakar Libiya, akwai dausayin Siwa mai yalwar dabino da zaitun da tafkunan gishiri. A gindin wani farin dutse da ke bakin tafki, Mounir Neamatalla, masanin muhalli ɗan Masar, ya kafa otal ɗin Adrère Amellal, inda masu hannu da shuni ke biyan kuɗi masu tsoka su kwana a ɗakin da ba wutar lantarki. Har Yarima Charles, sarkin Ingila na yanzu, ya sauka a nan a 2006.

Otal-otal da yawa sukan rataya tabarma a bangon siminti su ce ai sun raya al'ada. A nan kuwa daga bangon kansa aka fara. Mutanen Siwa suna gini da abin da suke kira kershef, wato dunƙulen gishiri haɗe da laka da ake sarowa daga bakin tafki, kuma da shi aka gina tsohon garinsu, Shali, tun ƙarni na 13. Masu tsara ɗakunan ba su shafa wa bangon fenti ba, ba su lulluɓe shi da tayil ba, sun bar shi da kaushinsa da launin ƙasarsa. Rana za ta yini tana dukansa, amma saboda kauri zafin ba ya ratsowa ciki sai dare ya yi, daidai lokacin da sanyin hamada ke saukowa. Wanda ya taɓa kwana a soron ƙasa a Kano ko Damagaram ya san wannan ni'ima, sai dai inda maginanmu ke jera azarar giginya, su gungumen dabino suke jerawa.

Inda gwanintar ta fi burge ni shi ne sha'anin haske. Tunda kyandir na kakin zuma ne fitilar ɗaki, dole mai tsari ya san inda zai fafe alkuki a bango, da tsayinsa, da inda inuwa za ta faɗa. Gishiri yana da ƙyalli, sai ya kama ɗan hasken nan ya watsa shi cikin ɗaki a hankali, ba ya kashe ido. Tagogi ƙanana ne, an saita su yadda iska za ta ratsa. In hunturu ya kama, a kawo kaskon garwashi.

Kayan ɗakin ma na gida ne: ƙofofi na itacen zaitun, kujeru na rassan dabino, wasu tebura kuma daga gishiri aka sassaƙo su.

Abokin gabar kershef ɗaya ne, ruwan sama. A 1926 ruwan kwana uku ya narkar da gidaje da yawa a Shali, har jama'a da yawa suka yi ƙaura zuwa wajen ganuwa. Shi ya sa irin wannan gini ba ya rabuwa da yaɓe da gyara, kuma maginan garin ne suka san yadda ake kwaɓa shi ya kama.