Tambari na ido ne, suna na baki

Ina da aboki a Yamai mai zanen tambari a kwamfuta. In kuna tafiya da shi bisa titi, ba allon talla da zai wuce bai yanke masa hukunci ba: wannan baƙaƙensa sun cushe, wancan launinsa ya yi ihu. Ma'aunin masu sana'arsu sananne ne. Tambari ya zamo mai sauƙi, a gane shi ko an ƙanƙanta shi kamar ƙwayar gujiya, ya tsaya da ƙafarsa ko da baƙi da fari aka buga shi, kada kuma ya yi kama da na wani. Misalin da ya fi so shi ne na Gap, kamfanin tufafi na Amurka, wanda ya sake tambari a watan Oktoba na 2010. Masu zane da masu saye suka yi masa ca a intanet, cikin kamar mako guda ya koma ga tsohon. Abokina ya ce: "Ka gani? Ido ba ya ƙarya."

Ni ɗalibin kimiyyar harshe ne, kuma ɗan Cadawa. Abin da nake tuhumar ma'aunin nan da shi guda ne: ido kaɗai yake aunawa, alhali a wurinmu suna a baki yake rayuwa.

Mu duba kamfanonin salula. Celtel ya koma Zain a 2008, Zain ya koma Airtel a 2010. Suna uku, lamba ɗaya, cikin shekara biyu da ƴan watanni. Masu sayen Gap sun yi magana an ji su. Mai sayar da kati a tashar Agye ko kasuwar Gazawa, wa ya tambaye shi? Kakata ba ta karanta boko. Har yau in za ta aike ni cewa take: "Tahi ka sawo mini na Saltal, mai jan nan." Na taɓa gyara mata, ta ce: "Mi? Su sunka sake suna, ni ban sake ba." Wallahi ta fi ni gaskiya. Suna na farko da launi ta riƙe, lanƙwasar baƙaƙen da abokina ke kwana a kanta ba ta ma san da ita ba.

Ɗauki Orange, wanda ya shigo Nijar a 2008. Masu zane na yabonsa ƙwarai: murabba'i guda, launi guda, sunan kuma shi ne launin. Dabara ce mai kyau, amma sai ga wanda ya ji Faransanci ko Turanci. Ga Bahaushen da bai shiga lakwal ba, "Oranj" ƙara ce kawai, launin kuma ruwan goro ne, ba abin da ya haɗa su. Moov kuwa da "v" ya ƙare, sautin da babu shi a Hausa, shi ya sa za ka ji "Mub". Wanda ya fi zama daram a harshe shi ne Zain, kalmar Larabci mai nufin kyau, da ke tuna wa kunne Zainu da Zainabu. Shi ne kuma bai daɗe ba.

Da Orange ya sayar da reshensa na Nijar a 2019, sunan ya koma Zamani. Nan ba a buƙatar tafinta, kalmarmu ce. Sai dai tana da fuska biyu. "Kayan zamani" yabo ne, amma in tsoho ya ce "ƴaƴan zamani", ba albarka yake sa musu ba. Wannan muhawara ta fi ta siffar baƙaƙe nauyi, kuma ban taɓa jin wani mai zane ya tayar da ita ba.

Ban ce abokina bai da gaskiya ko kaɗan ba. Kan batun sauƙi na sallama masa, sai dai dalilina daban ne. Daga Cadawa har Gidan Rumji, tamburan da ke jikin shaguna da dama mai fenti ne ya zana su da hannu. Ja zalla ko murabba'i, gwangwani ɗaya ya isa. Tambarin Zain mai launuka masu narkewa cikin juna kuwa, wane buroshi zai iya masa? Ke nan alƙalin sauƙi na gaskiya yana bakin kasuwa, hannunsa duk fenti.

Don haka ga tambayoyi uku da nake roƙon masu zane su ƙara a ma'auninsu. Tsohuwa za ta iya faɗin sunan ba tare da ta ji kunya ba? Yaron da aka aika zai gane katin daga launi? Mai fenti zai iya kwaikwayonsa da abin da ke hannunsa? Na karanta wa abokina su, ya yi dariya ya ce wannan ba aikinsu ba ne, na ƴan talla ne. Na ce to, hutu mai zuwa mu je Cadawa tare, ya faɗa wa kakata haka da bakinsa.