Wasiƙun Bello da El-Kanemi: Darasin da Aka Tsallake

Akwai wani malamin jami'a da muke zaman majalisa da shi a Kinkinau, ya sha faɗa mini cewa wasiƙun sarakunanmu na da kayan tarihi ne kawai, babu abin da ɗalibin ilimin dangantakar ƙasashe zai ƙaru da shi a cikinsu. A wajensa komai daga Turai ya faro: yarjejeniyar Westfaliya ta 1648 da ta kashe wutar yaƙin shekara 30, kowane sarki da ƙasarsa, ba mai sa baki a gidan wani, sai taron Balin na 1884 zuwa 1885, sai 'yancin kai a 1960. Ban yarda ba, kuma hujjata ba ta da nisa. Daga unguwarmu zuwa Gidan Arewa da ke titin Rabah, inda ake adana irin waɗannan takardu, tafiyar Keke Napep ce.

Kowa ya san jihadin Shehu Usmanu ya fara a 1804, Alƙalawa ta faɗi a 1808, a shekarar kuma masu tuta suka shiga Birnin Ngazargamu na Barno. A nan Shehu Muhammadu El-Kanemi ya tsaya wa Mai na Barno da takobi, ya kuma ɗauki alƙalami.

Salon wasiƙarsa shi ne abin da ya fi ɗaukar hankalina. Bai fara da barazana ba. Da sallama ya buɗe, ya kira abokan gabarsa malamai, sannan ya jefa tambaya guda: da wace hujja ake yaƙar mutanen da ke salla, suna azumi, suna fid da zakka? Bai jira amsa ba. Shi da kansa ya riƙa ɗauko abin da ya san za su faɗa, yankan da ake yi a wasu wurare, fitar mata babu lulluɓi, cin hanci, cin dukiyar maraya, yana amsa kowanne da cewa saɓo ne, saɓo kuwa ba kafirci ba ne, kuma ana yin irinsa a Misira ba wanda ya ɗaura mata yaƙi. Ya ɗaure su da littafin da suka yarda da shi, har da rubuce-rubucen Shehu Usmanu kansa.

Abin da Muhammadu Bello ya yi ya fi wannan ƙayatar da ni. Da ya zo rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, sai ya sa wasiƙar abokin hamayyarsa a ciki, da duk kaifinta, kafin ya bi ta gaɓa-gaɓa. Kuma ya sauya filin gardamar. Nauyin hujjarsa ya ɗora shi kan abin da hukumar Barno ta aikata: ta taimaki sarakunan Hausa a kan jama'ar Shehu, wanda ya jiɓinci mai yaƙar Musulmi kuwa ya shiga hukuncinsa. Duba da kyau, wannan magana ce ta ƙawance, da ta wanda ya fara tsokana, da ta lokacin da ya halatta a ƙetara iyakar wani don kare 'yan uwa. Su ne tambayoyin da ake kai wa Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya a yau.

Almajiran Morgenthau da Waltz, masanan dangantakar ƙasashe, za su ce duk ado ne, ƙarfi ke magana. To in haka ne, me ya sa mai nasara zai adana hujjar da ta fi sukarsa, ya bar wa jikoki su karanta? Wani masanin, Hedley Bull, ya fi kusa da gaskiya da ya ce ƙasashe kan zama al'umma mai ƙa'idojin da suka yi tarayya a kai, sai dai idonsa ya fi karkata ga Turai. An sake gwabzawa tsakanin Sakkwato da Barno a 1827, Yakubun Bauchi ya tare El-Kanemi, daga baya iyaka ta zauna: Haɗeja da Katagum na Sakkwato, Gumel ta Barno. Daula biyu na Musulmi, kowace da shugabanta, ba tare da wani Bature ya ja layi ba.

Ra'ayina shi ne da waɗannan wasiƙu ya kamata a buɗe wa ɗan aji ɗaya darasi a jami'o'in Kaduna da Zariya, Westfaliya ta biyo baya a matsayin labarin wasu mutane da suka warware tasu matsalar. Wanda ya karanta su ba zai yi mamakin abin da ya faru a Agustan 2023 ba, lokacin da tawagar ECOWAS ta farko ta baro Yamai ba ta ga jagoran juyin mulkin Nijar Janar Tchiani ba, amma ya karɓi Muhammadu Sanusi II, ya kuma zauna da malaman da Sheikh Bala Lau ya jagoranta, alhali wa'adi da takunkumi sun kasa buɗe ƙofar.