Daga Hadda zuwa Aiki a Makarantar Lahadi: Misalin Basamariye

1. Gabatarwa

Tun da mishan ta SIM ta kafa tasharta a Zinder a 1924, daga baya kuma a Tsibiri kusa da Maraɗi, Hausa ce harshen wa'azi da koyarwa a yawancin ikilisiyoyin bishara na kudancin Nijar. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932. Manufarmu a wannan takarda ita ce mu duba yadda makarantar Lahadi take kai yaro daga nassi zuwa aiki, mu ɗauki darasi guda ya zame mana ma'auni.

2. Tsarin darasi

Darasin da aka saba yi yana da hawa uku: labari, ayar hadda, sai gargaɗi. Hadda ba baƙuwa ba ce ga yaron ƙasar Hausa, domin safe da yamma yana jin takwarorinsa na makarantar allo suna tilawa. Amfaninta a fili yake: ayar tana zama a ka ko da babu littafi a gida. Aibinta shi ne sauƙin aunawa. Wanda ya kawo aya babu tuntuɓe shi ake tafa wa, gargaɗin kuwa yakan ƙare a kan biyayya da taimakon jama'a, wato abin da kakar yaro ta riga ta faɗa masa ba da nassi ba.

3. Misalin Basamariye

A Luka 10:25-37, ɓarayi sun yi wa wani matafiyi rauni tsakanin Urushalima da Yariko. Firist da Balawe suka ratse suka wuce, Basamariye ne ya yi jinyarsa, har ya biya masa dinari biyu a masauki. Akan ce wa yara su zama kamar Basamariyen. Wannan daidai ne, amma rabin darasin ke nan. Ga yaro, "Basamariye" suna ne kawai. Bai san cewa tsakanin Yahudawa da Samariyawa akwai daɗaɗɗiyar gaba ta addini ba. In an cire gabar, an cire wa labarin ƙashin baya: wanda ya nuna jinƙai shi ne wanda masu sauraro suka ɗauka bare.

A nan kalmar "maƙwabci" take da nauyi. Ga Bahaushe maƙwabci mai haƙƙi ne, kuma maƙwabcin yaro Kirista a Maraɗi ko Tawa galibi Musulmi ne, wanda yakan aiko musu da nama ran sallar layya. A Janairun 2015 an ƙone coci-coci a Zinder da Yamai. Iyalan da wannan ya shafa ba za su karɓi gargaɗi na fatar baki ba, ƴaƴansu ma haka. Malamin da ya bar labarin a hanyar Yariko, bai kawo shi ƙofar gidan yaro ba, ya kauce wa tambayar da yaron ya zo da ita.

4. Kammalawa

Muna ganin gyaran ba ya bukatar sabon littafi. A bayyana wa yara gabar da ke cikin labarin, a tambaye su wa ya taɓa taimakon gidansu alhali ba addininsu ɗaya ba, a ba kowa aiki guda na mako. Ran Lahadi mai zuwa kuma a fara da jin labarin aikin, kafin a karɓi hadda.