Jinjina ga Makanikan da Ke Fara da Birki

Makanikan da ke shirya motar gida domin zagaya filin tseren Nürburgring na Jamus, mai tsawon kusan kilomita 21, sun cancanci yabo, domin kafin su taɓa inji birki suke fara dubawa. Man birki yana shan danshi. Sabon DOT 4 yana jure zafin digiri 230, amma wanda ya sha ruwa yana iya tafasa tun wajen 155, sai direba ya taka birki a kwana ya ji ƙafarsa ta nutse. Wani zai ce ai motar lafiya lau take a titi, me ya kawo ɓarnar kuɗi? Titi yana barin birki ya huce, filin tsere kuwa ba ya barinsa. Shi ya sa suke zuƙe tsohon man tas, su duba taya, su ɗaure kowane noti da awo.